Sanƙarau na 2017 a Zamfara da Sakkwato: Me Ya Sa Cutar Take Ɗaukar Wani Ta Bar Wani a Ɗaki Ɗaya?

A ƙarshen shekarar 2016, tun sanyin hunturu bai gama sauka ba, aka fara kai yara asibitocin ƙananan hukumomin Zamfara da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, wuyansu a sandare. Kafin bazara ta kankama cutar ta game jihar, ta tsallaka Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Zuwa watan Yuni na 2017, lokacin da Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Najeriya ta sanar da cewa annobar ta lafa, an ƙidaya mutane fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 daga cikinsu sun rasu, kuma kusan rabin waɗanda suka kwanta yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14. Alluran rigakafi na farko, kimanin 500,000, ba a fara yin su a Zamfara ba sai a watan Afrilu, bayan an riga an yi jana'iza ɗaruruwa.

Sanƙarau ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zayyana yankin da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyarsa. Dattawa ba su manta da 1996 ba, shekarar da fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya kaɗai, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Sai dai akwai wata tambaya da iyaye mata suka fi kowa riƙe ta, wadda alƙaluman annoba ba sa amsawa. Yara biyar ne suke kwana a ɗaki ɗaya, a kan tabarma ɗaya, an rufe ƙofa da taga saboda sanyi, suna shaƙar numfashin juna har gari ya waye. Ɗaya ya tashi da ciwon kai da hantsi, kafin magariba ba ya gane mahaifiyarsa. Ƙaninsa ya yi zazzaɓi na kwana uku ya miƙe. Sauran ukun ko mura ba su yi ba. A gida akan ce wannan jininsa ya fi ƙarfi, wancan kuwa kwanansa ne ya ƙare. Ajali na Allah ne, babu mai jayayya da wannan, amma maganar ƙarfin jini tana da gaskiyar da binciken likitoci ya fara tonowa, kuma ita ce wannan nazari ya bi diddiginta ta hanyar annobar 2017.

Gadon da ita bakteriyar ta zo da shi

Ba za a fahimci gadon ɗan Adam a wannan lamari ba sai an fara duba na abokiyar gabarsa. Bakteriyar da ake kira Neisseria meningitidis, ko meningokokas a bakin ma'aikatan lafiya, ba ta da wani mazauni a duniya sai maƙogwaron mutum. Mutane da yawa suna ɗauke da ita makonni ko watanni ba tare da sun sani ba, suna yaɗa ta ta tari da atishawa, daga baya jiki ya kawar da ita. Ƙalilan ne take keta fatar maƙogwaronsu ta shiga jini, daga nan ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Abin da ke ba ta ikon rayuwa a cikin jini shi ne wani kwanso na sukari da take rufe kanta da shi, kuma da irin kwanson ne ake raba ta rukuni-rukuni. Shida ne suka fi yin ɓarna, wato A, B, C, W, X da Y.

Rukunin A ne ya yi ta'asar 1996, shi ne kuma allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, a Najeriya kuma daga 2011, ta kusan shafewa. Wanda ya zo a 2017 rukunin C ne, kuma wani sabon iri ne da aka yi wa lamba ST-10217, wanda aka fara gani a jihar Sakkwato a 2013, ya sake ɓulla a Kebbi, sannan ya kwantar da mutane fiye da 8,000 a Nijar a 2015. Da masu bincike a Oslo ta ƙasar Norway suka karanta ƙwayoyin gadon wannan iri baki ɗaya, sai suka gano cewa kakansa wata bakteriya ce marar kwanso da ke zaune lafiya a maƙogwaron mutane, wadda daga baya ta ari ƙwayoyin gadon yin kwanson C daga wata 'yar'uwarta, ta haɗa da wasu ƙwayoyin da ke taimaka mata kutsawa cikin jiki. Da wannan aron ta rikiɗe ta zama makashiya, ta kuma tarar da al'ummar da jikinta bai taɓa sanin rukunin C sosai ba, ga ƙura da busasshiyar iska suna tsattsage maƙogwaro, ga cunkoso a ɗakunan kwana da makarantun allo da na kwana. Wannan ya isa ya bayyana dalilin ɓarkewar annobar. Bai bayyana dalilin da ya sa, ko a garuruwan da abin ya fi muni, mafi yawan waɗanda bakteriyar ta sauka a maƙogwaronsu ba su kwanta ba.

Gadon mai kamuwa

Hujja ta farko mai ƙarfi a kan cewa mutuwa ta hanyar cututtuka masu yaɗuwa tana bin jini ta fito ne daga Denmark a 1988. An bibiyi kusan mutum dubu da aka ba da su riƙo tun suna ƙanana, suka tashi a gidajen da ba na iyayensu ba, sai aka tarar cewa wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta asali ta mutu da cuta mai yaɗuwa kafin shekara 50, haɗarin shi ma ya mutu ta wannan hanya ya ninka kusan sau shida. Mutuwar mariƙinsa da irin wannan cuta ba ta nuna alaƙa mai ƙarfi haka ba. A kan sanƙarau kansa, wani bincike da aka yi a Birtaniya a 2003 ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarin haɗarin da ɗan'uwan majiyyaci ke ciki daga gado yake, sauran kuma daga zama tare ne.

Inda abin ya fi bayyana ƙarara shi ne wani sashe na garkuwar jiki da likitoci ke kira kwamfilimen, wanda za a iya ce masa cikamakin garkuwa. Tarin furotin ne fiye da talatin da hanta ke ƙera mafi yawansu ta zuba cikin jini, suna aiki bi da bi, wannan ya tayar da wancan. Biyar na ƙarshe, daga C5 zuwa C9, su ne ke haɗuwa su zama kamar ƙusa mai rami, su huda jikin bakteriya ruwanta ya tsiyaye ta mutu. Yawancin bakteriya jiki yana da wasu hanyoyin kashe su ko da babu wannan ƙusa, amma meningokokas kusan da ita kaɗai ake cin galabarta a cikin jini. Saboda haka wanda aka haifa babu ɗaya daga cikin biyar ɗin nan yakan rayu lafiya ƙalau, ba ya yawan rashin lafiya, sai dai haɗarin sanƙarau a gare shi ya ninka na sauran mutane sau dubu ko fiye, kuma cutar takan dawo masa karo na biyu da na uku. Rashin C9 ya fi yawa a Japan, rashin C6 kuwa an tattara iyalai da dama masu shi a yankin Cape Town na Afirka ta Kudu, inda aka riƙa yi musu allurar fenisilin duk wata don tare cutar. Har ilimin haɗa magunguna ya tabbatar da wannan ba da gangan ba: maganin eculizumab, wanda ake toshe C5 da shi don jinyar wasu cututtukan jini da ƙoda, yana ninka haɗarin sanƙarau sau 1,000 zuwa 2,000, shi ya sa ba a fara ba da shi sai an yi wa majiyyaci rigakafi.

Wani abin lura shi ne masu rashin waɗannan furotin na ƙarshe, duk da yawan kamuwarsu, ba su cika mutuwa ba idan aka kwatanta da sauran majiyyata. Bayanin da ake bayarwa shi ne tun da jikinsu ba ya farfasa bakteriyar a lokaci ɗaya, dafin da ke cikin fatarta ba ya malala cikin jini gaba ɗaya, kuma wannan dafin ne ke rushe hawan jini ya kashe. Akasin haka ake gani ga masu rashin wani furotin mai suna furofadin, wanda ake gada ta wajen uwa kuma yara maza yake kamawa: su karo ɗaya cutar kan zo musu, da tsananin da kan gama da mutum cikin sa'o'i.

To, shin irin wannan naƙasu ne ya kwantar da mutum 14,000 a 2017? A'a, kuma ya kamata a faɗi wannan a fili. An daɗe da lura cewa a ƙasashen da sanƙarau ba shi da yawa, kaso mai tsoka na majiyyata masu rashin kwamfilimen ne, amma a lokacin annoba kasonsu yakan ragu ƙwarai, domin bakteriya mai ƙarfi da ta tarar da jama'a babu rigakafi tana kayar da masu cikakkiyar garkuwa ma. Abin da ya fi dacewa da yanayin annoba shi ne ƙananan bambance-bambancen da kowa ke ɗauke da su, waɗanda ba cuta ba ne a kan kansu, sai dai su ɗan karkatar da ma'auni.

Mafi tabbaci a cikinsu ya shafi wani furotin da ake kira Fakta H. Aikinsa shi ne tsawatar wa kwamfilimen, ya manne a jikin ƙwayoyin halittarmu ya zama shaida cewa wannan na gida ne, kada a huda shi. Meningokokas ta koyi satar wannan shaida: tana da wani furotin a fatarta da ke cafke Fakta H daga cikin jini, ta yafa shi, ta wuce a gaban masu gadi kamar 'yar gida. A 2010 wata tawaga da ta haɗa da Michael Levin na Kwalejin Imperial ta Landan da Sonia Davila ta Singafo ta kwatanta ƙwayoyin gadon majiyyata 475 a Birtaniya da na mutane 4,703 masu lafiya, sannan ta sake gwada sakamakon a wasu ƙasashen Turai, kuma wuri ɗaya ne ya fito fili, wato inda ƙwayar gadon Fakta H take da maƙwabciyarta CFHR3. Bambancin harafi ɗaya a rubutun ƙwayar gado a wannan wuri yana iya rage wa mutum haɗarin kamuwa. Wannan furotin ɓarawo da ke fatar bakteriyar shi ne kuma aka sa a cikin alluran Bexsero da Trumenba na rukunin B.

A nan ne lamarin ya zo kusa da mu, ya kuma bar mu da giɓi. Akwai mutanen da aka haifa babu ƙwayar CFHR3 da wata 'yar'uwarta ɗungurungum, kuma wannan yanayi ya fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma, har da 'yan Najeriya, fiye da Turawa. Ke nan daidai wurin da binciken Turai ya nuna da yatsa, a nan ne tsarin gadonmu ya sha bamban da nasu, don haka ba daidai ba ne a ɗauko sakamakon Landan a ɗora wa yaron Gusau ko na Maraɗi kai tsaye. Mutanen da asalinsu Afirka ne ba su kai 3 cikin 100 na waɗanda aka yi irin waɗannan manyan bincike a kansu a duniya ba. Abin yana da ciwo, ganin cewa a Zariya ne, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Brian Greenwood da abokan aikinsa suka yi wasu daga cikin ayyukan farko a kan sanƙarau da garkuwar jiki a shekarun 1970. Majiyyatan a nan suke, amma na'urorin da kuɗin binciken suna can.

Bayan an kamu: wa ke tashi, wa ke tafiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin jinya lokacin annoba ya san yadda ake tabbatar da cutar. Ana kwantar da yaro a gefensa, a lanƙwasa shi gwiwa ta kusa taɓa haɓa, wani ya riƙe shi da kyau, likita ya soka siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Ruwan laka na mai lafiya garau yake kamar ruwan sama. Na mai sanƙarau kan ɗigo a gurɓace, fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Daga nan sai allurar seftiriyazon, maganin kashe bakteriya. Ko da an yi komai a kan lokaci, kusan mutum ɗaya cikin goma yakan rasu, kuma cikin waɗanda suka tashi, kusan ɗaya cikin biyar yakan tashi da tabo: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓa ko wahalar karatu.

Abin da ke kashe majiyyaci sau da yawa martanin jikinsa ne, ko dai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kuma ƙarfin wannan martani ana gadonsa. A 1997 masu bincike a Leiden ta ƙasar Holan suka auna jinin 'yan'uwan majiyyata na jini, suka tarar cewa iyalan da jininsu ke fitar da sinadarin tayar da faɗa mai suna TNF kaɗan, haɗarin mutuwar majiyyacinsu ya ninka sau goma, waɗanda kuma ke fitar da sinadarin kwantar da faɗa mai suna IL-10 da yawa, nasu ya ninka sau ashirin. Bayan shekara biyu aka gano wani bambanci a ƙwayar gadon PAI-1, furotin da ke hana gudan jini narkewa. Yaron da ya gaji nau'in 4G daga uwa da uba yana tara wannan furotin da yawa, ƙananan jijiyoyinsa su toshe da gudan jini, kuma haɗarin mutuwarsa ya kai kusan ninki biyu. Wannan toshewar ce ke haifar da baƙaƙen tabban da ke fitowa a fata, waɗanda a baƙar fata sai an duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin ido ake ganinsu da wuri, ita ce kuma ke sa a yanke yatsu ko ƙafa.

Ba duk abin da aka ruwaito a wannan fage ne ya tsaya da ƙafafunsa ba. An yi shekaru ana cewa ƙarancin wani furotin mai suna MBL yana jawo sanƙarau, daga baya bincike mafi girma bai ga wannan alaƙa ba. Sannan ko ninki biyun da aka ambata bai kai nauyin kwana biyu da aka ɓata a gida ba, ana ba yaro farasitamol ana jiran gari ya waye a sami mota, ko ana tunanin iska ce ta taɓa shi saboda fisge-fisgen da yake yi. A 2017 jinkiri da nisan asibiti da ƙarancin allura sun yi kisan da babu wata ƙwayar gado da za a ɗora wa alhakinsa. A shekarar ce ma aka yi wani gwaji a Madarunfa ta jihar Maraɗi, inda aka ga cewa ba wa dukan mutanen ƙauye ƙwaya ɗaya ta sifuro, wani maganin kashe bakteriya, da zarar an sami mai cutar ya rage yaɗuwarta da fiye da rabi, alhali ba wa 'yan gidan majiyyaci kaɗai bai yi wani tasiri ba. Wannan ya nuna cewa a lokacin annoba ƙauyen ne gaba ɗaya ke cikin haɗari, ba zuri'a ɗaya ba.

Gadon da muka sani, muke kuma iya yi wa wani abu

Ba meningokokas kaɗai ke kawo sanƙarau ba. Nimokokas, bakteriyar da aka fi sani da ciwon huhu, tana kawo nau'in da ya fi kisa ya kuma fi barin naƙasa, har ta yi annoba a yankin Brong-Ahafo na Ghana a 2015 zuwa 2016. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka gina a kan majiyyatan Holan, ya ƙiyasta cewa gadon ɗan Adam yana bayyana kaso mai tsoka na bambancin kamuwa da sanƙarau na nimokokas, da na bambancin tsananinsa. A ƙasarmu kuwa ba sai an je nesa ba wajen neman ƙwayar gadon da ta fi kowace buɗe wa wannan bakteriya ƙofa, domin sunanta a bakin kowa yake: sikila. Saifa ita ce matatar da ke tsamo bakteriya masu kwanso daga cikin jini, kuma a jikin yaro mai SS lanƙwasassun ƙwayoyin jini suna toshe ta tun yana jariri har ta daina aiki. A Kilifi ta ƙasar Kenya, binciken Thomas Williams da abokansa na 2009 ya nuna cewa haɗarin shigar bakteriya cikin jinin yaro mai sikila ya ninka na sauran yara kusan sau 26. Najeriya na haihuwar jarirai masu sikila kimanin 150,000 a kowace shekara. Tun 1986 aka tabbatar a Amurka cewa ba wa irin waɗannan yara fenisilin kullum yana rage mummunar cutar nimokokas da kashi 84 cikin 100, kuma allurar nimokokas ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya tun ƙarshen 2014. Yaro mai sikila da ya yi zazzaɓi ba a kwana da shi a gida, ko da rana ɗaya.

Maganar gado tana buƙatar taka-tsantsan a wurinmu, domin kalma ɗaya tana iya hana 'yan matan gida guda aure. Rashin C5 zuwa C9, kamar sikila, sai yaro ya gaji naƙasasshiyar ƙwaya daga uwa da uba duka biyu yake bayyana, don haka auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwarsu, amma abu ne da ba kasafai ake samunsa ba, kuma gidan da sanƙarau ya shiga a 2017 ba shi da wani tabo a jininsa saboda haka. Waɗanda ya kamata likita ya tsaya a kansu sanannu ne: wanda sanƙarau ya kama sau biyu, da iyalin da 'ya'yansu suka kamu a shekaru mabambanta ba a lokacin annoba ɗaya ba, da dangin da yara maza ta wajen uwa suka mutu da cutar cikin gaggawa. Irin waɗannan ana auna ƙarfin kwamfilimen ɗinsu da gwajin jini mai suna CH50, a kuma duba ko akwai tsagewa a ƙashin kai da ke barin bakteriya ta shiga daga hanci ko kunne. Idan an tabbatar, sai a yi musu rigakafi akai-akai, a auna 'yan'uwansu, a kuma koya wa iyaye cewa zazzaɓin wannan yaro ba irin na sauran ba ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, wadda ke kare mutum daga rukunin A, C, W, X da Y a lokaci ɗaya, kuma waɗannan iyalai, tare da masu sikila, su ne suka cancanci zama a sahun gaba duk lokacin da ta iso ƙaramar hukuma.